Hanyar Shiga Zuciya: Tarihin Buɗe Jijiyoyin da Suka Toshe Ba Tare da Tsaga Ƙirji Ba

Zuciyar baligi tana bugawa wajen sau 100,000 tsakanin safiyar yau da ta gobe. Duk jinin jiki ta cikin ɗakunanta huɗu yake bi, amma naman zuciyar ba daga wannan jini yake ci ba. Yana da jijiyoyinsa na kansa, manya biyu, ta dama da ta hagu, waɗanda suka tsiro daga gindin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, suka kwanta a bayanta suna rassa. Faɗin yawancinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Idan kitse ya yi shekaru yana taruwa a cikin bangonsu, hanyar ta kan tsuke, mutum ya riƙa jin nauyi ko ƙuna a ƙirji idan ya hau tudu ko ya ɗauki kaya, in ya huta abin ya lafa. Idan kuwa tarin kitsen ya fashe, jini ya daskare a kansa ya rufe hanyar ruf, naman da ke gaba da wurin zai fara mutuwa kafin a yi awa guda. Wannan shi ne bugun zuciyar da ke kayar da mutum farat ɗaya.

Ana yawan ɗauka cutar ta zamanin mota da kujerar ofis ce. Ta girmi haka nesa ba kusa ba. A wani bincike da aka wallafa a 2011, wasu likitoci sun sa busassun gawarwakin mutanen tsohuwar Masar a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, suka tarar da alamun cutar a jijiyoyin zuciyar wata gimbiya mai suna Ahmose-Meritamun, wadda ta rayu wajen shekara 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 2013 suka faɗaɗa binciken zuwa gawarwaki 137 daga Masar da Peru da wasu sassan Amurka ta Arewa, kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗauke da alamun taurin jijiya.

Sanin aikin waɗannan jijiyoyi ya zo ne da kaɗan-kaɗan. Ibn al-Nafis, likitan da ya taso a Dimashƙ ya yi aiki a Alƙahira har rasuwarsa a 1288, ya saɓa wa Ibn Sina a sharhin da ya yi wa littafinsa, ya ce zuciya daga jijiyoyin da suka ratsa namanta take samun abinci. William Harvey na Ingila ya bayyana zagayawar jini a 1628. A 1768 William Heberden ya siffanta ciwon ƙirjin nan mai zuwa da tafiya ya tafi da hutu a gaban likitocin Landan, siffar da har yau ba a ƙara mata abin kirki ba, sai dai bai san musababbinsa ba. Edward Jenner, wanda aka fi sani da rigakafin agana, shi ne ya hango shi. Yana feɗe gawar wani da ya yi fama da ciwon sai wuƙarsa ta ci karo da wani abu mai tauri, har ya ɗaga kai yana zaton ɓurɓushin rufin ɗaki ne ya faɗo. Ashe jijiyar zuciyar ce ta zama kamar ƙashi. Jenner ya ja bakinsa ya yi shiru saboda malaminsa John Hunter yana da irin ciwon, ba ya so ya firgita shi. Hunter ya faɗi ya mutu a 1793 bayan wata cacar baki a taron asibiti, aka feɗe shi aka ga abin da Jenner ya yi tsoro. A 1912 James Herrick na Chicago ya nuna cewa jijiyar na iya toshewa mutum ya rayu, amma abokan aikinsa ba su saurare shi ba sai bayan shekaru.

Duk wannan ilimi daga gawa aka samo shi. Zuciyar mai rai kuwa wuri ne da likitoci suka ɗauka ba a taɓawa. Ana jingina wa babban likitan fiɗa Theodor Billroth maganar cewa duk wanda ya yi yunƙurin ɗinke zuciya ya zubar da mutuncinsa a idon abokan sana'a. Masana tarihi suna shakkar ko ya faɗe ta, amma yadda maganar ta yaɗu ya nuna ra'ayin zamanin. Dabbobi ne kawai aka iya gwadawa a kansu. Wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya jona dogon bututun gilashi da jijiyar goɗiya, jini ya hau sama da ƙafa 8, ya wallafa sakamakon a 1733. Claude Bernard na Faransa ya zura ma'aunin zafi ta jijiyoyin wuyan doki har cikin zuciyarsa a 1844, sannan Chauveau da Marey suka auna matsin jini a ɗakunan zuciyar doki a 1861, dokin yana tsaye. Da Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, kayan aiki sun cika. Wanda zai yarda a gwada a jikinsa ne babu.

1929: Eberswalde

Werner Forssmann bai wuce shekara 25 ba, sabon likita ne a wani ƙaramin asibiti a garin Eberswalde kusa da Balin. Ya ga zanen dokin Chauveau da Marey a littafin karatu, abin ya tsaya masa a rai. Burinsa shi ne a sami hanyar kai magani zuciya kai tsaye idan ta tsaya, a maimakon soka doguwar allura ta ƙirji kamar yadda ake yi a lokacin. Shugabansa ya hana shi gwadawa a kan marar lafiya, ya kuma hana shi gwadawa a kansa.

Abin da takarda ta tabbatar shi ne wannan: a 1929 Forssmann ya kashe fatar lanƙwasar gwiwar hannunsa na hagu da allura, ya buɗe jijiya, ya zura siririyar robar da likitocin mafitsara ke amfani da ita, ya tura ta tsawon santimita 65, aka ɗauki hoton eksire da ya nuna bakinta a ɗakin dama na zuciyarsa. Hoton ya fito a wata mujallar likitoci ta Jamus a watan Nuwamba na shekarar. Sauran labarin kuwa daga bakinsa aka ji, kuma iri biyu ya ba da shi. A rahoton farko ya ce sai da ya gwada a kan gawarwaki, kuma wani abokin aiki ya taimaka masa. Da ya tsufa ya rubuta tarihin rayuwarsa, sai ya ce ba haka aka yi ba. Ya ce ya lallashi nas ɗin da ke riƙe da makullin kayan tiyata, ita kuma ta gindaya sharaɗin a jikinta za a gwada. Ya yarda da baki, ya ɗaure ta a gadon tiyata kamar zai fara, sannan ya juya ya zura robar a nasa hannun, ya kwance ta, suka sauka tare zuwa ɗakin eksire robar tana reto a hannunsa. Wannan na biyun shi ne ya shahara, ba mamaki don ya fi daɗin ji.

Bai ci ribar abin ba. Ya sami gurbi a babban asibitin Charité na Balin ƙarƙashin Ferdinand Sauerbruch, aka sallame shi da rahoton ya fito. Ana cewa Sauerbruch ya gaya masa irin wannan wasa a dandalin 'yan dabo ake nuna shi. Forssmann ya bar harkar zuciya ya koma likitan mafitsara. Ya shiga jam'iyyar Nazi a 1932, abin da masu yabonsa kan so su tsallake, ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkawa suka kama shi fursuna.

Waɗanda suka mayar da kasadarsa ilimi su ne André Cournand, Bafaranshe mazaunin Amurka, da Dickinson Richards, a asibitin Bellevue na New York. Daga 1941 suka riƙa zura bututun a jikin marasa lafiya suna auna matsin jini da yawan jinin da zuciya ke turawa a minti, da lissafin da Adolph Fick ya tsara tun 1870. Suka nuna ana iya barin bututun awoyi ba tare da illa ba. A 1956 aka ba su kyautar Nobel su biyu tare da Forssmann, wanda a lokacin yake aiki a wani ƙaramin gari, kusan an manta da shi.

Akwai wata dabara ta 1953 da ba ta da labari mai armashi, amma duk abin da ya biyo baya a kanta ya hau. Sven-Ivar Seldinger, likitan hoto a Stockholm ta Suwidin, ya ce a soka allura mai rami a jijiya, a zura waya mai laushi ta cikinta, a zare allurar, a ɗora bututun a kan wayar ya bi ta ya shiga, sannan a zare wayar. Babu yanka, babu ɗinki. Har yau haka ake shiga.

1958: kuskuren Cleveland

An iya shiga ɗakunan zuciya, amma jijiyoyinta ba a ga cikinsu ba. Eksire ba ya nuna jijiya sai an zuba mata wani ruwa mai aidin da ke tare haske. Egas Moniz na Lisbon ya yi wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa haka tun 1927. Na zuciya dai kowa ya yi imani cewa idan ruwan ya cika ɗaya daga cikinsu, ya kori jini ko da na daƙiƙoƙi ne, bugawar zuciyar za ta rikice mutum ya mutu. Sai ake fesa ruwan a babbar jijiya daga nesa, ana fatan kaɗan ya zurara ciki, hoton ya fito dishi-dishi.

Ran 30 ga Oktoba 1958, Mason Sones na Cleveland Clinic yana duba wani saurayi ɗan shekara 26 mai ciwon ƙyauren zuciya. Ya ajiye bakin bututu a babbar jijiya, ya sauka ramin da ke ƙarƙashin gadon inda yake kallon hoto, ya ce a fesa. Kafin a fesa bututun ya zame ya faɗa bakin jijiyar zuciya ta dama, ruwan ya tafi ciki gaba ɗaya. Yadda shi da waɗanda ke wurin suka ba da labari, ya fito daga ramin a guje yana neman wuƙar da zai tsaga ƙirjin saurayin ya matsa zuciyar da hannu. Zuciyar ta tsaya na 'yan daƙiƙoƙi, ya daka wa saurayin tsawa ya yi tari, tarin ya tura ruwan ya wuce, ta ci gaba da bugawa. A fim ɗin kuwa ga jijiyar nan ta fito fes da rassanta.

Wani likitan zai gode wa Allah ya rufe maganar. Sones ya yi tunanin cewa tunda mai yawa bai kashe ba, ɗan kaɗan da gangan ba zai kashe ba. Ya ƙera bututu mai siririn baki, ya rage ruwan, ya riƙa ɗauka da fim mai motsi, ya yi wa ɗaruruwan mutane kafin ya wallafa hanyar a 1962. Shi ta hannu yake shiga, da ɗan yanka. A 1967 Melvin Judkins na Oregon ya fito da bututai masu lanƙwasa ta musamman, ɗaya don jijiyar dama ɗaya don ta hagu, ana shigar da su ta matsematsin cinya da dabarar Seldinger, su kusan nemo bakin jijiyar da kansu. Aikin da sai gwani ya zama abin da ake koya wa ɗalibi.

Gani ya kori ji. Likita ya daina hasashe daga bayanin marar lafiya, yana iya nuna wurin da ya tsuke da yatsa. Wanda ya fara cin moriyar wannan likitan fiɗa ne, René Favaloro ɗan Ajantina, wanda ya riƙa zama da yamma yana nazarin finafinan Sones. A 1967 ya ciro jijiya daga ƙafar marar lafiya ya yi wa jini hanyar kewaye wurin da ya toshe. Tiyatar ta bazu a duniya, kuma har yau tana da gurbinta. Sai dai sai an tsaga ƙashin ƙirji, yawanci a tsayar da zuciya a miƙa aikinta ga inji, a yi makonni ana jinya.

1964 zuwa 1985: daga hoto zuwa magani

Tun kafin Favaloro, wani ya riga ya yi tambayar da ta fi sauƙi: tunda bututun yana kaiwa wurin, me zai hana shi gyarawa? Charles Dotter ne, likitan hoto a Portland ta Oregon, mutumin da ke kiran kansa mai gyaran famfo. Ran 16 ga Janairu 1964 aka kawo masa wata tsohuwa mai shekara 82, yatsun ƙafarta sun fara ruɓewa saboda toshewar jijiyar cinya, ta ce ba za a yanke mata ƙafa ba. Dotter ya ratsa wurin da waya, ya bi da bututu, ya ɗora wani mai kauri a kansa. Jini ya dawo, ciwon ya lafa, ta taka ƙafarta har ƙarshen rayuwarta. Likitocin fiɗan Amurka suka ɗauke shi taɓaɓɓe. A Turai aka karɓi hanyar, musamman Eberhard Zeitler a Jamus. Illarta a fili take: in kana son faɗin milimita 4 a ciki, sai ka huda ramin milimita 4 a cinya, kuma bututu mai tauri haka ba zai bi kwanar jijiyar zuciya ba.

Andreas Grüntzig, haifaffen Dresden a 1939, ya tsere daga Jamus ta Gabas yana saurayi, ya isa asibitin jami'ar Zurich ta Suwizalan a 1969. Ya ga hanyar Dotter a wurin Zeitler. Tunaninsa shi ne a shiga da abu siriri, ya kumbura a wurin da ake so, ya sace, a fito da shi siriri. Balan-balan na roba ba ya yi, domin yakan kumbura ta inda babu tauri ya bar wurin da ya tsuke yadda yake. Ana buƙatar wanda zai kai wani faɗi ya tsaya cak komai iskar da aka ƙara masa. Wani farfesan sinadarai mai ritaya ya nuna masa ledar PVC. Babu kamfanin da ya kula shi da farko, saboda haka a teburin kicin ɗin gidansa ake haɗa su da dare, shi da matarsa da mataimakiyarsa Maria Schlumpf da mijinta. A 1974 ya buɗe jijiyar ƙafa da shi. Ya ƙanƙanta shi, ya gwada a karnuka, ya kai sakamakon taron likitocin zuciya na Amurka a Miami a 1976, inda akasarin masu wucewa suka kalla suka girgiza kai. A farkon rabin 1977 ya gwada a San Francisco tare da Richard Myler, a kan mutanen da an riga an buɗe ƙirjinsu don tiyata.

Ran 16 ga Satumba 1977 aka yi na gaske a Zurich. Marar lafiyar ɗan shekara 38 ne, sa'an Grüntzig, mai sayar da inshora, da tsukewa guda ɗaya a jijiyar da ke gangarowa ta gaban zuciya. Idonsa biyu. Likitocin fiɗa na tsaye a shirye ko da abin zai ɓaci, da amincewar shugabansu Åke Senning, wanda ya mara wa Grüntzig baya a lokacin da wasu na gida ke adawa. Aka hura balan-balan ɗin, aka sace shi, aka fesa ruwan hoto, hanyar ta buɗe. An sake duba jijiyar a 1987, aka kuma dubawa a 2000, tana nan a buɗe.

A ganina abin da ya fi ƙirƙirar kanta daraja shi ne yadda Grüntzig ya riƙe ta. Rahotonsa na 1979 a kan mutum 50 na farko ya faɗi ƙarara cewa 32 ne aka yi nasara a kansu, kuma ya ƙiyasta kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai na masu jiran tiyata ne suka dace da hanyar. Daga 1978 ya riƙa tara likitoci suna kallonsa yana aiki ta talabijin kai tsaye, su ga nasara su ga tangarɗa, ya kuma dage a rubuta sakamakon kowane marar lafiya a rajista guda. Ya san hannun gaggawa zai iya kashe hanyar tun tana jaririya. Ya koma jami'ar Emory a Atlanta a 1980. Ran 27 ga Oktoba 1985 ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa ya faɗi a jihar Georgia, ya mutu tare da matarsa ta biyu, yana da shekara 46. A cikin wannan shekara guda Judkins ya rasu a Janairu, Dotter a Fabrairu, Sones a Agusta.

1986 zuwa 2008: ragar ƙarfe

Da farko an zaci balan-balan danne kitsen yake yi ya kwanta. Da masu binciken gawa suka duba, sai suka ga tsaga shi yake yi, ya kuma miƙar da bangon jijiyar da ƙarfi. Rauni ne aka yi da gangan, kuma daga nan matsaloli biyu suka fito. Wani lokaci ɓallin bangon kan faɗo ya rufe hanyar nan take, a kusan mutum 5 cikin 100, sai a garzaya ɗakin tiyata. Sannan a mutum 30 zuwa 40 cikin 100 jijiyar kan sake tsukewa kafin wata shida, domin bangon yakan koma yadda yake, tabo kuma ya tsiro ciki. Wayar jagora mai juyawa da John Simpson ya kawo a farkon shekarun 1980 ta sa an iya kaiwa lunguna masu nisa, amma ba ta magance wannan ba.

Maganin shi ne a bar wani abu a ciki ya tokare bangon, kamar yadda ake ɗaure rijiya don kada ta rufta. Wata 'yar raga ce ta ƙarfe da likitoci ke kira sitent, ana shigar da ita a tsuke, ta buɗe ta manne da bango, ta zauna har abada. Jacques Puel ya sa ta farko a jijiyar zuciyar mutum a Toulouse ta Faransa a watan Maris 1986, Ulrich Sigwart ya bi baya a Lausanne a shekarar. Samfurin da ya yi kasuwa na Julio Palmaz ne, shi ma ɗan Ajantina, da Richard Schatz, wanda aka fara sawa a São Paulo ta Burazil a ƙarshen 1987. Sai ga sabuwar fitina: jini yana daskarewa a kan ƙarfen cikin kwanaki. Aka riƙa ɗura wa marasa lafiya magungunan tsinka jini masu ƙarfi, su kuma suka riƙa zubar da jini ta ramin cinya. An gudu ba a tsira ba. Antonio Colombo na Milan ya leƙa cikin jijiya da ƙaramar na'urar sauti ya ga yawancin ragogin ba su buɗe sosai ba, ya ce a hura su da matsi mai yawa. A 1996 binciken Albert Schömig a Munich ya nuna asfirin da wata ƙwaya ta biyu mai hana ƙwayoyin jini mannewa sun fi waɗancan magunguna. Manyan gwaje-gwaje biyu na 1994 sun riga sun nuna raga ta fi balan-balan zalla. A na Turai sake tsukewa ya sauka daga kashi 32 zuwa 22.

Kashi 22 ba kaɗan ba ne, kuma tabo ne ke tsirowa ta ramukan ragar. Maganinsa ya fito daga wuri mai nisa: wani sinadari da aka samu daga ƙwayar halitta a ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke tekun Pasifik, wanda ke hana ƙwayoyin jiki hayayyafa, ana ba masu dashen ƙoda. Aka shafa shi a jikin raga. Eduardo Sousa ya sa ta farko a São Paulo a Disamba 1999. Da aka karanta sakamakon gwajin RAVEL a Stockholm a 2001, babu ko mutum ɗaya da jijiyarsa ta sake tsukewa a cikin masu raga mai magani, alhali a ɗaya ɓangaren kusan kashi 27 ne. Amurka ta amince da ita a 2003, likitoci suka rungume ta hannu bibbiyu. A wani taron likitocin zuciya a Barcelona a 2006 aka ji ɗaya gefen: maganin da ke hana tabo yana kuma hana lafiyayyar fatar ciki rufe ƙarfen, sai jini ya daskare a kai bayan shekara ɗaya ko fiye, musamman ga wanda ya daina shan ƙwayoyinsa da wuri. Daga nan aka tsawaita shan ƙwayoyin biyu, aka ƙera ragogi masu siraran wayoyi, waɗanda suka shiga kasuwar Amurka a 2008. Gargaɗin da likita ke nanata wa mai raga, cewa kada ya ajiye ƙwayoyin nan don ya ji sauƙi, daga wannan darasi ya samo asali. An kuma gwada ragar da ke narkewa da kanta. Amurka ta amince da ita a 2016, kamfanin da ya ƙera ta ya janye ta a 2017 bayan an ga jini ya fi daskarewa a kanta.

Ƙofar shiga ma ta sauya. Lucien Campeau na Montreal ya ɗauki hoto ta jijiyar wuyan hannu a 1989, Ferdinand Kiemeneij na Amsterdam ya yi magani ta nan a farkon shekarun 1990. Zubar jini ta ragu, marar lafiya kan tashi zaune da an gama.

1980 zuwa 2023: wa ya kamata a yi wa?

Wancan duk tarihin kayan aiki ne. Tambayar wanda aikin ke amfana ta bi tata hanyar, kuma a hankali ta tafi.

A kan bugun zuciya amsar ta fito sarai. Har shekarun 1970 ana gardama ko gudan jinin da ake gani a gawa shi ya jawo bugun ko bayansa ya taru. A 1980 Marcus DeWood na Spokane ya yi abin da ake tsoro, ya ɗauki hoton jijiyoyin mutane suna tsakiyar bugun, ya tarar kashi 87 cikin 100 na waɗanda aka duba a awa huɗu na farko jijiyarsu a rufe take ruf. Gardama ta ƙare. Evgeny Chazov a Mosko da Peter Rentrop a Göttingen sun riga sun gwada zuba maganin narkar da gudan jini ta bututu, sannan manyan gwaje-gwaje a Italiya a 1986 da Ingila da wasu ƙasashe a 1988 suka nuna allurarsa ta hannu ma tana ceton rai. Geoffrey Hartzler na Kansas City ya ce a bar allura a shiga da balan-balan kai tsaye, aka zarge shi da ganganci. A 1993 gwaji a Amurka da wani a Zwolle ta Holan suka ba shi gaskiya, kuma a 2003 da aka haɗa gwaje-gwaje 23, mace-mace kashi 7 ne ga waɗanda aka buɗe musu da bututu, kashi 9 ga masu allura. Asibitoci suka fara auna kansu da agogo: minti 90 daga ƙofa zuwa hura balan-balan.

Ga mai ciwon ƙirjin da ke zuwa da aiki ya tafi da hutu, labarin daban ne, kuma a nan ne sana'ar ta yi gaba da hujjarta. Hoton jijiya mai tsukewa yana da ƙarfi a ido, na likita da na marar lafiya, ga kuma kuɗi a cikin aikin. Likitocin da kansu suna yi wa juna ba'a cewa ido na ganin tsukewa hannu ke kai wa raga. An yi shekaru ana ɗauka buɗe wurin zai hana bugun zuciya nan gaba. A 2007 gwajin COURAGE ya raba mutum 2,287 gida biyu, wasu magani kawai, wasu magani da raga, ba a ga bambanci a mutuwa ko bugun zuciya ba. Aka ce an zaɓi masu sauƙin ciwo. Gwajin ISCHEMIA ya ɗauki mutum 5,179 masu ciwo mai nauyi, aka wallafa shi a 2020, amsar ba ta sauya ba. Dalilin yana cikin yanayin cutar: tana bazu ne a duk tsawon jijiya, kuma sau da yawa tarin da ke fashewa ba shi ne wanda ya fi tsuke hanya a hoto ba. Raga tana gyara santimita biyu ko uku. Sauran sai maganin rage kitsen jini, da kula da hawan jini da ciwon sukari, da barin taba.

Ko rage ciwon ma sai da aka gwada. A 2017 likitocin Landan a gwajin ORBITA suka yi wa rabin mutum 200 aikin gaske, rabi kuma aka shigar da bututu aka fito ba a sa komai ba, babu wanda ya san nasa. Bambancin ya yi ƙanƙanta ƙwarai ga mutanen da ke shan cikakken maganin ciwon ƙirji. A 2023 suka maimaita ba tare da waɗannan magunguna ba, raga ta nuna tana rage ciwon. An kuma samo hanyar da ba ta dogara da ido ba: waya mai auna matsin jini gaba da bayan tsukewar, aikin Nico Pijls da Bernard De Bruyne. Idan matsin gaba ya haura kashi 80 cikin 100 na na baya, a bar wurin. Gwajin FAME na 2009 ya nuna masu bin wannan awo sun sa ragogi kaɗan, marasa lafiyarsu kuma sun fi samun lafiya. Ga mai ciwon sukari da jijiyoyi da yawa suka lalace, gwajin FREEDOM na 2012 ya nuna tiyatar Favaloro ta fi raga tsawaita rai.

Inda aikin ya fi ceton rai, wato bugun zuciya, nan ne kuma ya fi wuyar samu, domin yana buƙatar ɗaki mai injin hoto, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikata a shirye dare da rana, da kuɗi a hannu. Indiya, inda mutanenmu da dama ke zuwa neman wannan magani, ta ƙayyade farashin raga a Fabrairu 2017, mai magani ta dawo ƙasa da rufi 30,000, ragin da ya kai kashi 85 cikin 100 ga wasu samfura. Nisa kuwa doka ba ta rage shi. Shi ya sa ƙa'idar likitocin zuciya ta Turai ta tanadi hanya ta biyu: idan ba za a iya kai mai bugun zuciya ɗakin bututu a buɗe jijiyar cikin minti 120 ba, a yi masa allurar narkar da gudan jini a asibitin da yake, sannan a ɗauke shi zuwa inda za a yi hoton jijiyoyin cikin awa 24.